Ranar da Na Amsa Sunan Laraba

Ba zan taɓa mantawa da wani aji na makarantar firamaren da ke kusa da Ƙofar Kuyambana ba. Ba karatu na yi a cikinsa ba, ni da bokona bai wuce firamare ba, ita ma da kyar. Zama ɗaya tak na yi a ajin, da 'yata a cinya, amma har yau in hanya ta biyo da ni ta wajen sai in ja mayafi in ƙara sauri, kamar ginin zai kira sunana.

Bari in faro daga farko, don in na faro daga tsakiya za ku ce taɓin hankali gare ni.

Gwaggo Asabe ƙanwar mahaifin maigidana ce, kuma ita ta riƙe shi tun yana ƙarami. Duk wanda ya san ɗinkin manyan riguna a cikin birni ya san ta. 'Yan kasuwa su kawo mata shadda, mai zane ya zana, ita kuma ta rarraba wa mata a gidaje, kowace da allurarta da zarenta. Da na tare a gidan ban san ko yadda ake riƙe allura ba. Ita ta zaunar da ni a tabarmarta ta kama hannuna. In na yi ba daidai ba, ba ta faɗa, sai ta ɗaga rigar ta kai ta haske ta ce, “Warware. Wannan ba ɗinki ba ne, sawun kaza ne.” Haka na yi ta warwarewa har hannuna ya faɗa, har ta fara ba ni aljihun riga in yi ni kaɗai.

A wajenmu wadda ta koya miki sana'a uwa ce. Ba kya barinta sai ta sallame ki, kuma ni ban taɓa jin wadda Gwaggo ta sallama ba, sai dai wadda ta bar gari ko ta bar duniya. Daga hannun Gwaggo aiki ke fitowa. In ta ɗauke miki riga, to babu wani ɗan kasuwa da zai tsallake ta ya kawo miki.

Ni kuwa raina ya fara fita daga ɗinkin. Riga ɗaya sai ta cinye watanni, idanuna suna ruwa, bayana kamar an ɗaure shi da igiya. Duk wannan da na jure. Abin da ban jure ba shi ne ranar da Ummi, 'yata, ta fara rarrafe, na waiga ɗauko almakashi, na juyo na ga allura a hannunta tana shirin kai ta baki. Na fizge, ta tsala ihu, ni ma na fashe da kuka. Tun daga ranar ban sake zama a tabarma da natsuwa ba. Allura ɗaya in ta ɓace mini sai in share ɗaki kaf, in ɗaga katifa, in duba bakin yarinya. (Ni dama haka Allah ya yi ni. In Ummi ta yi barci da yawa sai na kara kunne na ji numfashinta, in ba ta yi ba kuma in ce wani abu ke damunta.)

Akwai wata Maman Sadiƙ a Tudun Jukun mai shagon keken surfani, tana koya wa mata. Abin da muke watanni muna yi, keke kan yi kamarsa a wuni guda. Na roƙi maigidana, ya yarda. Sai dai ya ƙara da cewa, “Amma fa ba ni zan faɗa wa Gwaggo ba.” (Namijin duniya ke nan. Mutumin da zai iya hawa saman kwano ana ruwa ya toshe yoyo, amma a gaban Gwaggo sai ya koma ɗan yaye.)

Matsalar ita ce gida ɗaya muke, kuma sashenta ne a bakin ƙofa. Ranar farko da na goya Ummi zan fita, ta ɗago daga rigar da take dubawa ta ce, “Ina zuwa da ranar nan?” Wallahi ban shirya amsa ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Asibiti zan kai ta, Gwaggo.” Shi ke nan na ɗaure kaina. Duk fita ta zama asibiti. Gwaggo ta shiga damuwa, ta aiko da jiƙo, ta sa aka yi rubutu, in ta ɗauki Ummi sai ta taɓa goshinta ta yi mata tofi. Ummi kuwa ƙiba kawai take yi.

Ana cikin haka Dakta Rabi ta shigo unguwarmu. Daga jami'a take, ba likitar allura ba ce, daktar karatu ce. Maƙwabciyarmu Ladidi ce ke yi mata jagora gida gida. Ta ce bincike take yi a kan yadda mata ke koyon sana'a, da yadda suke barin wata su kama wata, da abin da ke tare musu gaba. Tun daga ƙofa ta faɗa mana gaskiya: “Ba tallafi na kawo ba, ba kuma aiki zan raba ba. Magana kawai nake so.” Nan take wasu suka tuna sun bar tukunya a wuta.

Ni na yarda, don na ga tana da kirki, ta ɗauki Ummi ba ta damu da majinar da ta shafa mata a mayafi ba. Muka shiga ɗakina, ta nemi izni ta ajiye waya a tabarma tana ɗaukar murya. Ta ce ba za a taɓa ambaton sunana ba, kowa za a laƙaba masa wani suna. Sai ta fara tambaya. Wa ya koya miki? Me kika iya ban da wannan? Yaya kike yi da yarinya in kina aiki? Sai kuma ta ce, “In da za a ce ki zaɓa, wace sana'a kike so ki ga kanki a ciki nan gaba?”

Tunda nake babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Ana tambayata ko na gama riga, ana tambayata ko abinci ya nuna, amma me nake so? Sai bakina ya ɓalle. Na faɗa mata zancen allura, na faɗa mata Maman Sadiƙ, na faɗa mata asibitin ƙarya. Har na ce Gwaggo ta fi so ta ga na tsufa a kan tabarma kamar yadda ta tsufa. Dakta tana gyaɗa kai kawai, ni kuwa ina ta zuba kamar an fasa tulu.

Tana fita hankalina ya dawo. Na zauna na dubi gurbin da wayar ta kwanta, na ce na shiga uku. Mutum yakan manta magana, waya fa? Na yi ta saƙa yadda wani ɗalibi zai ji muryata, ya zama ɗan ƙanwar wani ɗan kasuwa, ya je ya fesa. In Gwaggo ta kira ni da ƙarfi sai gabana ya faɗi. In ta kira ni a hankali kuma sai ya fi faɗuwa.

Aka daɗe, har na fara sakin jiki. Sai ga Ladidi wata safiya da albishir: Dakta ta gama, za ta tara duk matan da ta yi hira da su ta gaya musu abin da ta gano, wai haƙƙinmu ne mu ji. Kuma an gayyaci Gwaggo a matsayin uwa a sana'ar, kujerarta a gaba.

Ranar taron na kwanta na ce cikina ke murɗawa. Gwaggo ta leƙo, ta sha ado da lifayarta ta zuwa biki. “Ku sashenku kullum ciwo? Yau uwa, gobe 'ya. Tashi ki riƙe mini jaka, iska ma magani ce.”

Haka na bi ta a baya, jaka a kafaɗa, Ummi a goye.

Ajin ya cika. Matan Ƙofar Kuyambana, na Ƙofar Kibo, da wasu da ban sani ba, duk an matsu a kan bencin yara, gwiwa na taɓa tebur. Aka zaunar da Gwaggo a farar kujera a sahun gaba, ni kuma a bencin da ke bayanta daidai, ina kallon ƙeyarta. Dakta ta yi sallama ke nan za ta fara bayani, Ummi ta ga taron fuskoki ta ɓare baki. Dole na fita da ita waje, na yi ta jijjiga ta a gindin wata bishiya har ta yi shiru. Ku riƙe wannan fitar, don ita ta kashe ni.

Da na dawo Dakta ta yi nisa. Tana cewa a da maza ne ke wannan ɗinki, da suka watse zuwa kasuwa da tuƙi da aikin ofis sai mata suka ɗauka. Yanzu kuma 'yan mata da matasan iyaye suna hangen wasu sana'o'in: keke, kwalliyar amare, sayar da kaya ta waya. Ta ce abin da ya ba ta mamaki, ba rashin basira ke tsayar da mace ba, hannun da ya iya ɗinkin aska takwas babu abin da zai gagare shi. Abin da ke tsayar da ita shi ne wa zai riƙe mata yaro, wa zai ba ta izni, sai kuma nauyin wadda ta koya mata. Da ta faɗi na ƙarshen nan sai na ga kan Gwaggo ya ɗan motsa.

“Yanzu,” in ji Dakta, “zan karanta muku abin da wasu suka faɗa da bakinsu.”

Ta karanta ta wata da aka kira Talatu, mai kukan ido. Mata suka yi ta “haka ne, wallahi haka ne.” Ta karanta ta wata mai cewa ɗinkin ya aurar mata da 'ya'ya, ba za ta taɓa zaginsa ba. Gwaggo ta ce, “Allah ya yi mata albarka.” Na fara addu'a a zuci, Allah ka sa a tsaya nan, Allah ka sa a kira salla, Allah ka sa kwanon ajin ya yaye.

“Sai wata da muka sa wa suna Laraba. Ta ce: Nakan ce yaro zan kai asibiti, sai in wuce wajen koyon keke. Wadda ta koya mini ɗinki ta yi mini komai, amma in ta ji ba za ta yafe mini ba.”

Asibiti. Keke. Wadda ta koya mini. Na ji kalmar yaro sarai, amma na ce ai wadda ta iya mai da ni Laraba, mai da Ummi namiji ba zai yi mata wuya ba. Ajin ya ɗauki guna-guni, wata a baya ta ce, “Kai, wannan ta iya shiri!” Ni dai gani nake duk idon da ke ɗakin a kaina yake, har na hotunan da aka zana a bango. Na ƙura wa ƙeyar Gwaggo ido ina cewa kada ki waiwayo, don Allah kada ki waiwayo.

Ta waiwayo.

A hankali ta juyo, ta dube ni, ta miƙo mini hannu a buɗe.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsinci kaina a durƙushe a ƙasa tsakanin benci da kujerarta, Ummi a kafaɗa, jaka ta zube, goro da carbi da mafici sun watse. Murya kuwa, ni da ko a gida ake cewa in ɗaga murya, ranar har bayan aji an ji ni.

“Gwaggo ki yafe mini! Ni ce Laraba! Wallahi ni ce! Ummi lafiyarta ƙalau, ba ta taɓa ciwo ba, Tudun Jukun nake zuwa wajen Maman Sadiƙ. Kuma da na ce kin fi so in tsufa a tabarma, sharrin shaiɗan ne, ba har zuciyata ba!”

(Ku lura, wannan na tabarma babu wanda ya karanta shi. Ni na ƙaro shi kyauta.)

Shiru ya sauka, irin wanda har kukan awakin bayan makaranta ana ji. Hannun Gwaggo yana nan a miƙe yadda yake. Ta dube ni, ta dubi kayan da suka zube, ta ce, “Ni mafici zan karɓa.”

Dakta Rabi ta ajiye takardar hannunta ta matso. Fuskarta ta nuna ta fi ni jin nauyin abin. Ta rage murya, amma a ajin da ya yi tsit rage murya ba ya amfani. “Maman Ummi, ba ke ba ce. Ai na faɗa tun da farko, duk abin da zan karanta a nan daga wasu unguwanni na ɗebo shi, can wajen gari, da gangan, don kada a zargi kowa a ɗakin nan. Ba kya ciki ne lokacin?”

Ina gindin bishiya lokacin.

Ladidi ce ta fara. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, sai abin ya ƙwace mata. Daga nan aji ya ɗauka. Wata tsohuwa har da tafawa tana cewa, “Yau ga wadda ta kai kanta kotu ta kuma yanke wa kanta hukunci!” Ummi ta ga ana dariya ita ma ta kama, tana bubbuga mini kai. Mutum biyu ne kawai ba su yi dariya ba, ni da Gwaggo. Na tsince goron ɗaya bayan ɗaya, na miƙa mata maficin da hannu biyu, na koma benci. Sauran bayanin Dakta ban ji ko kalma ɗaya ba. Da aka raba lemo nawa a hannuna ya yi zafi.

Wajen fita Dakta ta riƙo hannuna tana ba ni haƙuri, wai da ta maimaita bayanin da ta ga na dawo. Na ce ba laifinta. Ladidi ta raɓo ni tana share hawaye. “Ke Laraba, kin zaci ke kika ƙirƙiro asibiti? Rabin matan birnin nan asibiti suke zuwa, da gaske ne da likitoci sun gudu.” Wata kuma daga Ƙofar Kibo, ban ma san sunanta ba, ta matso kamar za ta gyara wa Ummi hula, ta raɗa mini, “Allah ya saka miki. Saura kaɗan ni ma in miƙe, sai kika riga ni.”

Hanyar gida Gwaggo ko kallona ba ta yi ba. Ta gaisa da kowa a lungu, ta tsaya ta yi wa wani mai shago jajen mahaifiyarsa, ni ina bayanta kamar akuyar da za a kai mahauta. Sai da muka shiga sashenta ta cire lifaya ta ninke, ta zauna, sannan ta ce, “Sauke mini yarinyar.”

Na sauke. Ta ɗora ta a cinya ta daɗe tana kallonta.

“Keke ba zunubi ba ne,” ta ce. “Ni ma da ya zo ina da ƙuruciya da wataƙila na taɓa. Tabarma kuma da kika ce, gaskiya kika faɗa, a kanta na tsufa, ban kuma ji kunya ba. Amma ki rasa abin da za ki fake da shi sai lafiyar yarinya? Ki riƙa kira mata ciwo da bakinki? Ni ina nan ina kasa cin abinci, ina cewa wace irin cuta ce likita ya kasa ganewa.”

Nan ne kukan gaskiya ya zo mini. Na wancan ajin tsoro ne, wannan kuwa kunya ce tsantsa.

Ta bari na yi mai isata, sannan ta yanke hukunci. “Rigar da ke hannunki ki gama ta, ki kawo. Daga ita ba ni da sauran riga a gare ki. Ba na ba da shaddar mutane ga wadda rabin hankalinta ke wani shago.” Na buɗe baki zan roƙa, ta ɗaga hannu. “Ki je ki koyi kekenki, ki kuma koya da kyau, kada a ce wadda ta fito daga hannun Asabe tana surfanin sawun kaza. Wannan kuma,” ta nuna Ummi da haɓa, “nan za ki riƙa barinta. Ba za a ƙara kai mini jika cikin ƙarar inji da rana tsaka ba.”

Abin da ta faɗa shi ta yi. Na kai rigar, ta duba ta a haske, ta ce ta yi, ba ta kuma sake ba ni wata ba. Watannin farko mun ji jiki, don a shago mai koyo ba ya samun komai sai tsinin allurar keke a yatsa. Maigidana da ya ji labari ya yi kwanaki yana fita tun kafin Gwaggo ta idar da lazimi. Yanzu dai Maman Sadiƙ ta fara sakar mini wuyan riguna, wani lokaci har a zo a ce nawa ake so. Sunan kuwa ya bi ni. Yara a lungu Anti Laraba suke ce mini, Gwaggo ma in tana cikin nishaɗi sai ta ƙwala, “Laraba, zo ki ɗauki 'yarki ta cinye mini goro!”

An ce Dakta ta rubuta littafinta, ban sani ba ko ina ciki, ban kuma tambaya ba. Abin da na koya dai shi ne, damuwar da nake ɓoyewa ina zaton tawa ce ni kaɗai, ashe mata da yawa kowace na goye da irinta, har mai bincike ta iya tara su ta yi karatu a kai. Saboda haka in kina cikin taro kika ji an karanto sirrinki, 'yar'uwa, ki gyara zama, ki gyaɗa kai, ki ce “Allah sarki, baiwar Allah” tare da kowa. In kuma babba ya miƙo miki hannu, ki fara tambaya me yake so.